Kwanon Kofur

Da sojoji suka miƙa mulki, gidajen GRA suka shiga sauya masu kwana a ciki. Malam Badamasi na cikin waɗanda abin ya faɗo wa. Ya daɗe a ma'aikatar ilimi bisa wani teburi na ƙarshen baranda, ba a kawo masa fayil, ba a kuma sallame shi ba. Kullum yakan zo da safe, ya karanta jarida, ya tashi in an tashi. Sabuwar gwamnati ta tuna da shi, ta ba shi darakta, ta haɗa masa da gida. Ran nan bayan la'asar ya karɓi makullai, ya tafi ganin gidan shi kaɗai.

Mai gadin wani dattijo ne siriri, sunansa Iro. Ya taso daga benci ya rusuna, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare: gajiya, iyali, zafi, da ruwan sama da ya ƙi sauka.

"Wa ya tashi daga nan?" in ji Badamasi.

"Manjo Bala, ranka shi daɗe. Mutumin Zuru. Kirista ne, amma in ka ji Hausa bakinshi sai ka ce Ƙofar Kwaya aka haife shi."

"Ya kwashe kayansa duka?"

Iro ya yi jim. "Kusan duka."

Ya zagaya da shi falo da ɗakuna. Ga ƙusoshi a bango inda aka cire hotuna, ga wani tsohon takalmin soja ƙafa ɗaya a bayan ƙofa. Suka zo wata ƙaramar ƙofar ƙarfe mai fita bayan gida. Iro ya tura ta, ya ja gefe.

"Bismillah, Yallaɓai."

Sarƙa ta yi ƙara. Wani babban kare, ja mai baƙin baya, ya zabura daga gindin itacen bedi, ya nufi wani kwanon silba da ke kusa da dakali, ya tura kai ciki. Kwanon babu komai. Ya lashe shi, ya sake lashewa, sannan ya ɗago ya dube su.

Badamasi ya ja da baya, ya tattare babbar rigarsa.

"Wannan fa?"

"Kofur ke nan. Shi ne kayan da ya rage." Iro ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Yau kuma kwano ya nufa? Tsaya, ina zuwa."

Ya ruga ɗakinsa na bakin ƙofa, ya dawo da sauran shinkafa da wake, ya juye a kwanon daga nesa. Karen ya zauna ɗam a kan ƙafafunsa na baya, ƙirji a gaba, kunnuwa a tsaye. Ya dubi abincin, ya dubi fuskar Iro, ya dubi ta Badamasi. Miyau ya riƙa ɗiga daga bakinsa zuwa ƙasa. Bai taɓa ba.

"Ka gani ko?" in ji Iro. "Haka muke tun da Manjo ya tafi. Ruwa kawai yake sha."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarshi lau. Da akwai wani kafin wannan. Ɓarayi suka jeho mishi nama da guba ta bisa katanga, da safe aka iske ya sandare. Manjo ya yi kuka, wallahi da idona na gani, soja guda. To da ya samo wannan yana ɗan kwikwiyo, sai ya hore shi. Ko cinyar rago ka aje gabanshi ba ya taɓawa, sai an faɗa mishi wata kalma."

"Wace kalma?"

"Ai nan ne matsalar. Manjo da kanshi ke ba shi, safe da maraice, nan baya. Ni ina ƙofa. Mi zai kawo ni wajen cin abincin kare?"

Kiran gaggawa aka yi wa Manjo zuwa Kaduna, ya tafi da niyyar dawowa ƙarshen mako. Maimakonsa sai babbar mota ta zo ta kwashe kaya. Direban ya ce shi ba ya ɗaukar kare, kuku kuma ya haye bisa kayan ya bi su. Iyakar abin da Iro ya sani ke nan.

Badamasi ya kulle ƙofar baya. Har ya kai mota yana jin karen bai motsa daga gaban kwanon ba, don sarƙar ba ta yi ƙara ba.

A gidan gadonsu na Ƙofar Marusa, inda suke cikin ɗaki biyu tun aurensu, matarsa Bashira ta riga ta ɗaure kwanukanta a tsofaffin zannuwa. Ta ajiye masa tuwo, ta buɗe, ta ce masa bismillah kamar kullum, ta zauna jin labarin gida. Ya faɗa mata yawan ɗakuna, da famfo a madafa. Sannan ya faɗa mata kare.

"Kare? A cikin gidan?"

"A baya yake, a ɗaure."

"Malam, mala'iku ba su shiga ba, ni ce zan shiga? A kai shi wani wuri."

"Ina?"

"Ka ba maharba. Ka ba 'yan sanda. Ka kwance shi ya bi duniya, ai ƙafa gare shi."

"Ba ya cin abinci."

"In yunwa ta ishe shi zai ci."

Shi ma haka ya ɗauka. Badamasi bai taɓa riƙe dabba ba in ba ragon layya ba, shi ɗin ma yara ke ba shi dusa. Kare kuwa tun yana yaro abin jifa ne a wurinsa, ko abin kauce wa in an yi alwala. Amma da safe, a hanyar ofis, sai ya ga ya tsaya wajen mahauta ya sayi ƙashi da nama-nama a jiki. Iro ya jefa a kwano. Kofur ya zauna ɗam, ya dube su. Da Badamasi ya biyo da yamma, ƙudaje ne bisa ƙashin.

Sai ya je ya ɗauko Mannir. Mannir ɗan kawunsa ne, abokin wasansa, likitan dabbobi da ya fi sanin shanu da dawaki. Tun daga mota yake dariya.

"Darakta! An ba ka gida da mai gida a ciki. Haya za ka riƙa biyansa ko shi zai biya ka?"

"Kai dai duba shi. In ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba."

"Ni? Ni da na yi wa raƙumi tiyata? Matsa, bawana."

Ya tsuguna, ya bar karen ya sansana hannunsa, ya ɗaga masa leɓe, ya duba ido, ya latsa ciki. Dariyar ta ragu.

"Babu ciwo a jikinsa. Abu biyu ne suka haɗu. Ga horo, ga kewa. Irin waɗannan mutum ɗaya suke sani. Wannan sarƙar ma a cire ta, ba inda za shi."

Iro ya kwance sarƙar da sanda a ɗaya hannun. Kofur ya miƙe, ya zagaya gidan, ya sansana ƙofar falo, ya je bakin gareji ya kwanta, fuskarsa na kallon babbar ƙofa. Nan ya zama wurinsa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya ɗaga kai. In Fijo ce, irin ta Manjo, har miƙewa yake yi.

Suka kawo kwanon nan, suka shiga neman kalmar. Mannir ya fara da Turanci, duk wata kalma ta ci da ɗauka da ya sani. Shiru. Ya koma na fareti, ya ƙame ya buga ƙafa.

"Kofur! Atanshan! Tanda'is! Ajuwaya!"

Iro ya yi dariya har da tari. Karen ya karkata kai yana kallonsa.

"Zo nan," in ji Badamasi, don kawai ya ce wani abu.

Kofur ya taso ya zo gabansa.

"Zauna."

Ya zauna.

Suka dubi juna. Ashe Hausa yake ji. Nan take suka rufe shi da kalmomi, kowa na jefo tasa. Ci. Cinye. Ɗauka. Naka ne. Maza. To. Hau. Sha. Ga shi. An ba ka. Iro ya gwada ta Katsinanci, Mannir ya gwada da muryar soja, Badamasi ya gwada a hankali kamar mai lallashin yaro. Kowace kalma, karen sai ya dubi bakin mai faɗinta, ya jira ta gaba. Da magariba ta kawo jiki suka tashi. Abincin na nan yadda aka zuba shi.

Badamasi ya je bariki. Wani kyaftin ya karɓe shi da mutunci, ya ce sunan Manjo Bala na cikin waɗanda aka yi wa ritaya, tun da ya riƙe muƙami a gwamnatin da ta wuce. Wasu sun ce yana Kaduna, wasu sun ce ya koma gida Zuru, wani ya ce ya ji matarsa ce ba lafiya a Legas. Aka ba shi lambar wayar wani gida. Ya buga daga ofis safe da rana, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Ya ba wani direban Zuru saƙon baki a tasha. Direban ya dawo ya ce Bala ai sun fi a ƙirga a can, kuma rabinsu sojoji ne.

Kyaftin ɗin ya aiko masa da wani saje Badakkare, mutumin Zuru irin Manjo. Sajen ya tsaya gaban kwano ya faɗi duk yadda ake cewa a ci a harshensu, har da yadda uwa ke ce wa ɗanta. Kofur ya sansana kakinsa da takalminsa, ya kaɗa wutsiya a karo na farko, ya bi shi har bakin ƙofa. Da sajen ya hau babur ya tafi, karen ya daɗe tsaye. Abincin bai taɓa ba.

"Sai ɗure," in ji Mannir.

Suka danne shi su uku. Mannir ya ɗura masa madara da ƙwai ta gefen baki da sirinji. Kofur bai yi cizo ba, ko gurnani bai yi ba. Da suka sake shi sai ya ja jiki ƙarƙashin tankin ruwa, wutsiya a matse, yana rawar jiki. Can suka ji yana amai.

"Gani yake ya yi laifi," in ji Mannir yana wanke hannu. "Ya ci ba a ba shi izini ba."

Suka ci gaba da ɗuren duk da haka. Wani ya zauna, mafi yawa ya dawo. Karen ya daina zuwa in an ce zo, sai dai in Badamasi ne, don shi kai kawai yake riƙewa, ba shi ke ɗurawa ba.

Yanzu akwai wata tsohuwar riga a but ɗin motar Badamasi. In ya tashi ofis sai ya sauya, ya ɗauko kujerar roba ya zauna bakin gareji. Da farko nesa. Daga baya kusa. Ruwan farko ya sauka, kaska ta fito, ta cika kunnuwan karen. Ranar da Badamasi ya fara cire su, da tsinke ya yi. Tsinken ya karye, ya sa yatsa. Kunnen da ɗumi, da laushi kamar ƙyallen karan-miski. Bai taɓa sanin haka kunnen kare yake ba. Kofur ya ɗora haɓarsa bisa takalminsa ya lumshe ido, Badamasi ya zauna bai motsa ƙafar ba har ta yi sanyi.

Wata yamma ya zo da balangu mai zafi. Iro ya tafi sallah, ba kowa. Ya juye naman a kwano, ya durƙusa, ya ajiye da hannu biyu gaban karen. Bismillah ta zo masa har baki, yadda take zuwa wa duk wanda ya ajiye kwano gaban wani. Ya haɗiye ta. Kare ne. Ba a kiran sunan Allah a miƙa wa kare.

"Ci, Kofur," ya ce. "Don Allah ka ci."

Kofur ya yunƙura ya zauna, ƙafafunsa na gaba na karkarwa, don ya ga kwano kuma haka aka koya masa. Ya kafa wa bakin Badamasi ido. Badamasi ya san irin wannan zaman. Ya kau da kai.

A Ƙofar Marusa magana ta fara yawo. 'Yan'uwa na tambaya yaushe za a tare, wasu na cewa ko gidan ma an fasa ba shi ne. Wani ƙanensa ya ce masa a zaure, cikin raha, an ce darakta ya koma kiwon kare. Bashira ta gaji da ɗaure kwanuka da kwancewa.

"Malam, rigar nan ta cikin mota, kada a haɗa mini ita da wanki."

"Ni zan wanke abata."

"Wai me ya haɗa ka da dabbar nan? Kai ka haife shi?"

"Gidan a hannuna yake. Abin da ke ciki ni za a tambaya."

"Wa zai tambaye ka? Gwamna?"

Ya wanke hannu. Ta dubi tuwon da ya ci loma kaɗan ya rufe. Ba ranar ce ta farko ba. Ta ɗauke kwanon.

Zazzaɓin kaska ya kama Kofur. Mannir ya yi masa allura, ya ɗaura masa ruwa a jijiya, ya rataye ledar a ƙusar gareji. Dasashinsa ya yi fari fat. Ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa. Fijo ta wuce, kunne kawai ya motsa.

"Bada," in ji Mannir, ba Darakta ba, ba bawana ba. "Ƙodarsa ta fara tafiya. Da yana ci da ya ture wannan zazzaɓin. Yanzu wahala kawai muke ja masa. Akwai allura. Barci zai yi."

"Ka ba ni zuwa Asabar. Na sake aika direban Zurun nan, ko zai dawo da wani labari."

"Asabar ɗin."

Direban bai dawo da komai ba.

Ranar Asabar da hantsi Badamasi ya fito zai shiga mota, ya iske Bashira tsaye da mayafi da kular abinci a hannu.

"Ina zuwa?"

"Ba gidana ba ne? In je in ga inda zan sa gado." Ta gyara riƙon kular. "Romon kaza ne da shinkafa, ta dahu lugub. In dai kashe shi za ku yi, kada ya tafi kwanonsa a bushe. Ko ƙamshi ya ji."

Ba ta shiga ganin ɗakunan ba. Ta tsaya nesa da gareji, ta ja mayafi ta rufe hanci. Iro na can gindin bedi yana haƙa rami, ƙasar ta yi taushi saboda ruwan jiya. Mannir ya buɗe jakarsa bisa bayan mota yana zuƙo magani. Badamasi ya sa tsohuwar rigarsa, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan karen a cinyarsa. Abin da ya rage na Kofur fata ce da ƙashi da manyan idanu.

"Wannan ne?" in ji Bashira. Muryarta ta sauka. "Wannan ne kuke cewa babba?"

"Miƙo kular," in ji Badamasi.

"Da wane hannun za ka karɓa? Bari."

Ta matso tana tattare zane. Ta jawo kwanon silbar da ƙafa, ta duba cikinsa, ta yi tsaki, ta ɗauraye shi a famfo. Ta juye romon, tururi ya tashi. Ta sunkuya ta ajiye gaban karen, ta ɗan juya kwanon yadda take juya na mijinta.

"Bismillah."

Fita ta yi kawai. Tun tana yarinya ba ta taɓa ajiye abinci gaban mai rai ba ta faɗe ta ba. Ta dafe baki.

"Astagfirullah. Me na..."

Kunnuwan Kofur suka miƙe. Ya ɗaga kai daga cinyar Badamasi. Ya kafa ƙafafun gaba, suka zame, ya sake kafawa, ya ja cikinsa bisa siminti har hancinsa ya kai bakin kwano. Ya sa harshe cikin romon. Ya lasa. Ya sake lasa. Ya ɗebi shinkafa, ta zubo ta gefen bakinsa, ya bi ta ƙasa yana lasa. Wutsiyarsa ta bugi siminti.

Ba wanda ya motsa. Iro ya tsaya da magirbi a sama.

Karen ya dakata yana haki, ya ɗago ya dubi Bashira, kamar mai tambaya ko da gaske ne.

"Sake faɗa," in ji Badamasi.

"Malam, kare ne fa."

"Bashira, sake faɗa."

Ta dubi mijinta, ta dubi haƙarƙarin da ke hawa da sauka. Ta durƙusa, zanenta ya taɓa ƙasa.

"Bismillah, Kofur. Ci abinka."

Ya mayar da kai. Mannir ya ajiye sirinjin a hankali, ya zo ya janye kwanon kaɗan.

"Sannu-sannu. Cikinsa ya manta. Romon kawai, a bar shinkafar."

Iro ya ƙaraso yana share zufa da hula.

"Yallaɓai, ranar farko. Bakin ƙofar baya. Ni na ce maka bismillah, ya ruga ga kwano. Muka ce yunwa ce."

"Na tuna."

"To wa zai kawo wannan? Wa zai ce ma kare bismillah?"

"Manjo," in ji Mannir. "Shi a wurinsa ai ita ce a ci abinci. Haka ya ji kowa na cewa." Ya shafa gemu. "Maharba ma da ita suke sakin karensu. Na sani kuwa. Ko kusa ban kawo ba."

Badamasi ya waiwaya. Yana kallon wurin da ya durƙusa da balangu.

Mannir ya mayar da allurar cikin jaka, ya ɗaura sabon ruwa. Suka zauna. Jim kaɗan Badamasi ya matso da kwano ya faɗi kalmar da kansa, da ƙarfi, Kofur ya lasa. Ya ƙara faɗa, ya ƙara lasa. Bashira ta samo murhu a ɗakin Iro ta ɗumama sauran romon. Har wasa ya dawo wa Mannir, ya ce in Kofur ya tashi sai a ƙara masa girma ya zama saje, shi kuma Darakta a ba shi aikin kuku.

Bayan azahar romon ya dawo duka, da jini a ciki. Mannir ya duba, ya tashi ya koma wajen motarsa ya jingina, bai buɗe jakar ba. Ba a buƙaci allurar ba. Badamasi ya tsoma yatsa a kwano ya kai bakin karen, ya ce bismillah. Harshen ya fito ya taɓa yatsan. Da ya sake faɗa, kunne ɗaya ya motsa. Ta ukun ba abin da ya motsa.

Ramin Iro ya yi daidai. Bashira ta ɗauko wani tsohon zanenta da ke bayan mota, ta miƙa, aka naɗe shi a ciki. Iro ya tambaya ko a sa kwanon. Badamasi ya ce a'a, a wanke a ajiye, ko Manjo zai aiko a ɗaukar masa kayansa. Iro ya kife shi bisa dakali.

Suka tare cikin makon. Aka wanke gareji, aka yi saukar Alƙur'ani, 'yan'uwa suka zo ganin ɗaki suka yaba famfon madafa. Da yamma gidan ya yi shiru irin na GRA, ba kukan yara, ba dakan maƙwabta. Bashira ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta kawo tuwo da miyar kuɓewa, ta ajiye gaban mijinta, ta buɗe, ta ɗan juya kwanon. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta koma gefe ta zauna tana kallon itacen bedi.

Badamasi ya wanke hannu. Ya zauna, hannun na ɗiga, yana kallon tuwon. Wata mota ta rage gudu a titi, su biyun suka ɗaga kai. Ta wuce.

"Malam, zai huce," in ji ta.

"Na sani."

Bai sa hannu ba tukuna.